Tuffar da Ta Ƙi Yin Ja

Sunansa Byeon Deok-chul, kuma mun haɗu a kakar 1981, shekarar da na zo ƙauyensu aikin tsinkar tuffa. Gonarsa gadon mahaifinsa ce. Kowane bikin Chuseok, bikin kaka da ake tunawa da magabata, shi da kansa yake zaɓar tuffar da ta fi ja, ya ɗora a gefen gabas na teburin tunawa da marigayin, domin a al'ada ja a gabas yake zama, fari a yamma.

Tuffa ba ta yin ja sai ta sha sanyin dare. Da sanyin ya daina zuwa, sai Deok-chul ya shimfiɗa leda mai ƙyalli a gindin itatuwa, ya rage ganye, ya riƙa juya 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya su fuskanci rana. Duk a banza.

A ƙarshen Agustan 2024 ya kawo mini jarida, saboda idonsa ya yi rauni. Ni sai da na shekara sittin na koyi karatu, amma ban taɓa tsallake kalma ba.

"Yaya, an ce an kayar da gwamnati a kotu. Karanta, ban da in'inar nan taka."

"Mai in'inar dai ka nemo, makaho."

Na karanta masa: kotun tsarin mulki ta ce dokar rage hayaƙin da ke ɗumama duniya ta gaza, tunda ba ta ƙayyade abin da za a rage daga 2031 zuwa 2049 ba, kuma an ba majalisa wa'adin gyarawa.

"To, yaushe sanyin zai dawo?"

"Ba a rubuta ba."

"Duba bayan takardar."

Na duba. Tallan na'urar sanyaya ɗaki ne.

Ranar bikin, matarsa Ok-bun ta fito da wata tuffa jajir da ta sayo a kasuwa, noman tsaunukan arewa.

"Mayar da ita," in ji shi. "Baba ya san ɗanɗanon itacensa."

Ya ɗauko tasa, fara-fara kamar fuskar majinyaci, ya daɗe tsaye da ita. Sannan ya ajiye ta a yamma, ya bar gabas babu komai, ya yi gaisuwar goshi a ƙasa sau biyu.

Bayan girbi ya zo aron zartona, zai yanke itatuwan. Na ce ya jira gyaran dokar tukuna.

"Yaya, ka iya karatu, amma ba ka iya ƙirga shekaruna ba."

Na miƙa masa. Rabona da shi ke nan, 3 ga Nuwamba, 2024.