Kazar Gwaggo Ta Riga Ni Ganin Teku

Har yanzu in na ji warin albasa sai raina ya ɓaci.

Tun da aka tare kogi a Bakolori, ruwa ya cinye gonarmu ta Maradun muka dawo Talata Mafara, ba a da zance sai girman ruwan nan. Kawuna, autan su Inna, direban babbar mota ne mai kai albasa Ikko, can bakin teku. Shi ya ce mini ruwan da muke kuka a kansa, in aka ajiye shi gaban teku, bai fi na buta ba. Daga ranar na manne masa kamar kaska. Na wanke motarsa har ta fara ramewa, sannan ya yarda ya tafi da ni.

"Gurbin mutum guda ne bisa buhuna," in ji shi. "Ko allura ba ni ƙarawa."

Na tsara tafiyar da ko ɗan sarki bai taɓa samun mai arha irinta ba. Mota kyauta. Kwana ƙarƙashin mota. Guzuri garin kwaki da ƙuli-ƙuli. In mun sauke albasa, mu bi hanyar bakin teku zuwa Badagari ɗaukar kwakwa. Gishiri ma ba zan saya ba, tunda an ce tekun gaba ɗaya da gishirinsa.

Sai na gaya wa Inna. Kafin la'asar har Bakura an ji.

Tun da gonaki suka nutse, kowane gida yana da ɗa a kudu, kuma kowace uwa ta tabbata yunwa na kashe nata. Aka fara sallama, kowace da saƙon ɗanta. Kuka, daddawa, man shanu, kilishi, tabarma, ƙwarya. Wata tsohuwa daga Birnin Tudu, da an bar ta, bangon ɗakinta za ta ba ni in kai wa jikanta. Yaro kuwa ba ya ƙin saƙon manya, sai dai ya durƙusa ya ce to, zuciyarsa tana tafasa.

Gwaggo, yayar Baba, ita ta zo ƙarshe da kaza mai rai, wai matar ɗanta ta haihu.

"Gwaggo, Ikko babu kaji ne?"

"Ji ɗan banza! Kajin can kifi suka ci, ƙarni gare su. Riƙe ta da kyau, ta fi ka hankali."

Da safe muka isa tasha da amalanke, mata na biye da ni kamar masu kai amarya. Kawu ya dubi tulin kayan.

"Wanga tarkace na wa?"

"Saƙo ne, Kawu."

"To kai ina za ka zamna?"

"Bisa kayan."

"Bisa man shanu? Cikin ranar nan? Mu isa Ikko da kai soyayye?"

Na ce a rage. Wayyo, kamar na ce a rushe masallaci. Kowace ta dafe ƙullinta tana cewa nata ne ƙarami. Kawu ya ce ko yaro ko kaya. Na dubi Inna, don na san duk duniya ita kaɗai yake tsoro.

"Auta," ta ce, "saƙo amana ne. Shi kuwa yaro ne, teku ba gudu zai yi ba."

Uwata ce fa! A kan idona aka ɗaure kayan a gurbina, aka ɗora kazar can sama inda iska ta fi daɗi. Motar ta tashi, kazar tana kallona da ido guda.

Baba ya ga na ƙi abinci, ya ɗauke ni a keke har bakin dam ɗin Bakolori. "Ga ruwa, kalla ka ƙoshi." Na ce wannan ai gonarmu ce, ga can inda tsamiyarmu take. Ya juya keken muka dawo gida.

Da Kawu ya dawo, kwakwa ya miƙo mini. Ban karɓa ba.

"Kazar ta ga tekun?"

"Ta gan shi, ɗana. Har ta yi tono a rairayi."

Gwaggo ta ce an yanka ta ranar suna. Na ce Allah ya ƙara. Na sha rankwashi, amma ban janye ba.