Injin da ya ƙi tashi a gindin dalbejiya

Asabar ɗin da ta wuce na ɗauka zan huta da dalbejiyar maƙwabcina, Baba Yohanna, wadda saiwarta ta daɗe tana tsaga mini katanga. Shekara da shekaru ina roƙo kafin ya yarda a sare ta.

Na ɗauko mai injin yankan itace daga Bolari. Ya ja igiya, inji ya yi tari ya mutu. Ya kankare fulogi, ya hura, ya sake ja. Shiru. Ni da na koyar da kimiyya har na yi ritaya, aikina riƙe murfin tanki.

Ƙasar nan ba ta rasa masana. Masu keke suka faka, wannan ya ce fetur ya jiƙa fulogi, wancan ya ce kabireta ce. Rana ta take, kowa ya matso inuwa, har mai kunu ta sauke bokitinta.

Inji na tashi, Baba Yohanna ya ɗaga hannu.

"Malam, dubi bayin Allah da ke shan inuwar nan. Na fasa."

"Baba, kallon gyara suka zo yi!"

"To, a rana suka tsaya?"

Jama'a, wa zan kai ƙara? Dalbejiya tana nan daram, izinin sarewa kuma ya tafi.