Ban gajiyar da Kaka ta aika wa abokan aikin Kawu Ari

Shekara biyar ke nan da rasuwar Kawu Ari, ƙanen mahaifiyata. Ina ƙaramin lakwal, wato firamare, a lokacin, kuma abin da na fi tunawa shi ne duk yaron da ya gani ya fito daga tafki sai ya tare shi da kwalba, ya ce a yi masa fitsari a ciki. Lokotoro ne, wato likita, mai bincike kan tsargiya. Daga nan Gure har Gamu ban san yaron da ya tsira daga kwalbar nan ba. Jakuna ma kauce masa suke yi.

A Yamai ya rasu, aka yi zaman makoki a gida. Mutane ba su taru sosai ba, domin tsakanin labo, ɗakin bincikensu, da ƙauyuka ya ƙare rayuwarsa, ba a ganin shi wurin suna ko ɗaurin aure. Wata maƙwabciya ta ce a gaban Kaka Falmata, wadda ta haife shi, "Allah sarki, ga ilimi amma ba jama'a." Tun daga ranar Kaka ta daina kawo zancensa gaban baƙi.

Bana a lise, babbar sakandare, malaminmu ya nuna mana yadda ake auna mai bincike. Ana duba sau nawa wasu masana suka kafa hujja da rubutunsa, da kuma su wa ya yi aiki tare da su. Na nemi sunan Kawu a waya. Sai ga shi adadin bai tsaya ba da ya mutu, ƙaruwa ma yake yi, ga sunayen abokan aiki daga ƙasashen da sai na duba taswira.

Da Kawu na nan, dariya zai yi. Zai ce adadin bai san yabo da suka ba, tunda wasu don su ce ya yi kuskure suke ambatar shi. Na faɗa wa Kaka haka, don kada ta ce na yi mata ƙarya.

"To mene ne? Ko a makoki akwai masu zuwa gulma, kuma ana ba su tabarma," in ji ta. "Kai mijin banza, mutanen nan an yi musu ban gajiya?"

"Kaka, ba ta'aziyya suka zo ba."

"Sun yi aiki da ɗana, suna kiran sunansa, mu muna zaune kamar ba mu da tarbiyya? Rubuta."

Masu kafa hujja da shi sun fi ƙarfina, sai na tsaya kan waɗanda suka yi rubutu tare da shi, tunda adireshinsu na jikin takardun. Na rubuta da Faransancin da zai sa malaminmu ya suma: mahaifiyar Ari tana gaishe ku da gajiya, Allah ya ba da lada.

Yawancinsu shiru. Wasu sun amsa a taƙaice. Wata lokotoro daga wata ƙasa mai nisa ta ce ba ta san yana da uwa a raye ba, ta nemi lambar waya, ta turo murya tana magana tana tsayawa. Ta ce shi ya koya mata cewa kafin a nemi fitsarin yaro sai an zauna da uwarsa, kuma haka take koya wa ɗalibanta.

Kaka ta sa aka shimfiɗa tabarmi, aka kira maƙwabta, har da waccan mai cewa ba jama'a, aka kunna musu muryar. Ni ne tafinta. Gishirin da na ƙara bai fi buhu ɗaya ba.

Malaminmu ya ce adadin zai ragu in sababbin bincike suka fito, wata rana ya tsaya. Na yarda. Yara na ci gaba da shiga tafki, tsargiya ba ta tafi ba, kuma ban isa in ce aikin Kawu babba ne ko ƙarami ba. Abin da na gani da idona kaɗan ne. Jiya wani mai sayar da kanwa ya tsaya shan ruwa a ƙofar gida, bai tambayi komai ba. Kaka ta miƙa masa kwano ta ce, "Ka san ɗana Ari? Zauna."