Ranar da Baba Ya Riƙe Hannun Surukinsa

Ko yau na shiga kanti na ji ƙarnin jatan lande, sai in ga kaina a kan wata doguwar gadar katako da ta kutsa cikin teku, ina 'yar firamare, iska na neman raba ni da ɗankwalina. Da jatan landen muka ɗana fatsa ranar da Kaka ya gamu da gamonsa.

Kaka mahaifin Mama ne. Daga Gaya ya zo mana ziyara, lokacin muna haya a bakin titin High Point Road a Greensboro, can Amurka. Masunci ne gaba da baya, a cikin kwalekwale ya tsufa. Ni ce "amaryarsa", kamar yadda kakanni ke tsokanar jikokinsu mata. Kullum ƙorafinsa ya auri matar da ba ta iya tuwo ba, ga Hausa a karkace, ni kuma in ce ba na son miji mai giɓi.

Abin da ke ɗaure min kai shi ne zamansa da Baba. In Baba ya dawo daga tuƙin tasi, can nesa yake durƙusawa ya gaishe shi, kai a ƙasa. Ba sa cin abinci tare, ba sa haɗa ido. In Kaka na falo, a kicin Baba ke cin tuwonsa a tsaye. Na tambayi Mama ko faɗa suka yi, ta yi dariya ta ce kunyar suruki ce. A gida mai ɗaki biyu kuwa, kunyar nan ba ƙaramin aiki ba ce.

Da Baba ya lura kewar ruwa na damun tsohon, sai ya ajiye tasi wata Asabar ya kwashe mu zuwa bakin teku. Mama ta yi dambun nama, ta cika filas da ruwan zafi don shayi. Da muka isa, Kaka ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya tambaye ni ko wannan kogin ba shi da ƙetare. Ya raina sandar fatsar da Baba ya saya masa, amma kafin azahar ya fi kowa iya jifa da ita.

Can sai ya jawo wani kifi toka-toka mai gashin baki. Ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce ashe ƙurungu har nan ya biyo shi. Wani Bature da ke kusa ya miƙo masa filaya, yana cewa a yi hattara, ƙayar kifin nan na da dafi. Na fassara wa Kaka.

"Ni za a koya wa riƙon kifi?" in ji shi.

Ya cafke shi yadda ya saba a gida. Kifin ya murɗe, ƙayar bayansa ta nutse a gindin babban yatsansa.  Kaka ya cire ƙugiyar, ya jefa kifin a bokiti, ya cusa hannun a aljihu. Baba na can gefe yana fama da zarensa, bai ga komai ba.

Ni kaɗai na gani. Gumi ya keto masa duk da iskar nan, ya zauna a benci yana cije leɓe.

"Amarya, rufa min asiri," ya ce a hankali. "Kada babanki ya ji."

Na so in rufa masa asirin, don ina son sa. Amma jini ya fara rina aljihun, kumburin kuma ya kai wuyan hannu. Tsoro ya kama ni, na ruga wurin Baba, Hausar ta gudu ta bar ni, da Turanci na faɗa masa.

Baturen nan ya ce a tsoma hannun a ruwa mai zafi iyakar wanda mutum zai iya jurewa, sannan a kai shi asibiti, don tsinin ƙayar kan karye a ciki. Mama ta juye dambun a leda, ta zuba ruwan filas a kwanon, ta sirka. Kaka dai ya ƙi fito da hannu. Masunci guda, kifi ya soke shi a gaban suruki, ai gara masa dafin.

Baba ya tsaya jim, kamar wanda aka ce ya taɓa wuta. Sai ya durƙusa, gwiwarsa na taɓa ta Kaka, ya ce masa:

"Baba, ka yi haƙuri, yau kam ba zan ji kunyarka ba."

Ya zura hannu a aljihun surukinsa, ya zaro hannun, ya tsoma shi a ruwan tare da nasa don ya riƙa jin zafin. Kaka ya kau da kai yana kallon teku, hawaye na zuba, ya ce iska ce. Da raɗaɗin ya fara lafawa sai ya dubi Baba ido cikin ido ya ce, "Ruwan ya huce, ƙara." A asibiti aka ciro guntun ƙayar, aka yi masa allura. Ni kuma Kaka ya ce ya saki amaryarsa saboda tonon asiri, kafin mu iso Greensboro ya mayar da ni ɗakina.

Yanzu mijina kan shiga gidan Baba a McLeansville ya rungume shi, su zauna kwano ɗaya suna kallon ƙwallo. Mama sai ta girgiza kai, ni kuwa daɗi nake ji, ko da yake na san da wuya mijina ya taɓa sanin nauyin abin da Baba ya ajiye a kan gadar nan.

Da Kaka ya rasu, Baba ya je ta'aziyya Gaya. Tsofaffin masunta suka yi ta zuwa ganinsa. Ashe asirin da Kaka ya roƙe ni in rufa, shi da kansa ya baza shi a duk bakin kogi, kifin ma ya girma ya kai rabin kwalekwale. Suka ce tun da Kaka ya dawo gida ba su sake jin ya ce "surukina" ba, sai dai "ɗana na Amurka". Har gobe in Baba ya kawo nan a labarin, sai ya tashi ya ce zai duba ko ya kulle mota.