Ranar da Na Ƙi Sauke Ta Daga Kan Sanda

Ko zan manta da komai na zamana a New York, ba zan manta Asabar ɗin da na yi wa shugabata gardama a gaban iyayen yara ba.

Lokacin ina koya wa yara mata wasan motsa jiki na jimnastik a wani zaure a Staten Island, kullum sai na tsallaka a jirgin ruwa daga Manhattan. Fannina shi ne sanduna biyu da ake lilo a kansu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Abin da ya fi ba yara wuya shi ne yarinya ta cilla jikinta daga ƙugu ta tsaya cak a kan hannuwanta bisa sanda, kai ƙasa ƙafa sama. Wadda ba ta iya ba, ba ta shiga gasa.

A cikinsu akwai wata doguwa 'yar shekara goma sha ɗaya. Uwarta 'yar Nijar ce mai shagon atamfa a Harlem, takan rufe shagon duk Asabar ta kawo ta. Wata huɗu muna fama. Tafin hannun yarinyar ya sassale, amma da ta kai rabi sai tsoro ya lanƙwasa mata baya.

Mai zauren, wato shugabar tawa, ta kira ni ofis kan yarinyar ta ce, "Ta yi tsayi, kuma ta fara a makare. Ki daina ɓata mata lokaci." Na ce a bari ta yi gwajin shiga gasa tukuna.

Ranar gwajin yarinyar ta hau sau biyu, sau biyu tana faɗowa kan katifa. Mai zauren ta ɗaga hannu, wai a sauke ta. Ban san lokacin da na ce "Ba za ta sauka ba" da ƙarfi ba. Kowa sau uku aka ba shi, don me ita biyu? Ga shi kuwa ba ni da wani aikin.

Uwar ta miƙe. "Malama, bar ta, kar a kore ki saboda mu."

"Hajiya, zauna don Allah."

Yarinyar tana jin Hausa, da Turanci dai take amsawa. Na shafa mata alli a hannu don kar ta zame, na ce mata da Hausa, "Matse ciki, miƙe gwiwar hannu. Ina nan ƙasa, amma ba zan taɓa ki ba."

Ta sake hawa, ta cilla. Ƙafafun suka tafi sama, suka yi kamar za su dawo, sai suka tsaya. Na ƙirga ɗaya, biyu, uku. Uwar ta rangaɗa guɗa har Turawan wurin suka firgita.

Duk da haka mai zauren ta ce ƙafafunta sun ɗan buɗe, ba ta saka ta a gasar ba. Ni kuma ranar Litinin aka ce na tattara kayana. Na tattara, ban ba da haƙuri ba. Bayan wata biyu na sami aiki a wani zaure a Bronx, yarinyar ce ta fara yin rajista a wajena.

Tun daga ranar na gane cewa koyarwa ba ta tsaya ga gyara hannu da ƙafa ba. In ba za ka iya buɗe baki ranar da aka tauye wa ɗalibinka haƙƙi ba, to ba ka cancanci ya amince maka da jikinsa a sama ba.