Kontrabin

Turancina a aji uku ya tsaya, amma akwai kalma ɗaya da na sani har ƙashi: kontrabin.

Wanda ya koya mini ita ɗan ƙauyenmu ne, can wajen Godogodo. Tare muka yi kwaya, wato ƙungiyar mawaƙa, a coci, tare muka saci mangoro. Ya samu aikin 'yan hanya masu kama ababen hawa a Kafanchan, aka ba shi riga mai ƙyalli, ni kuma ina jan keke mai ƙafa uku na haya.

Lokacin haƙar citta ne, lokacin da mai keke ke samun na shekara. Na tsaya kusa da layin dogo in sauke wata tsohuwa. Sai ga hannu ya zare mini makulli. Na ɗago, ashe shi ne.

Na ce, "Haba ɗan'uwa, ni ne fa."

Ya ce, "Wa ye ɗan'uwanka? Oga za ka ce. Nan ba wurin tsayawa ba ne. Na yi kontrabin ɗinka."

Keken ya zauna a filinsu har citta ta ƙare. Batir ya mutu, ɓeraye suka cinye kujera. A gidana garin rogo muka sha. Ranar Lahadi kuma ga shi a gaba a coci yana rera waƙar yafe wa juna.

Ni duk a zatona kontrabin na nufin ƙwace. Wani tsohon malamin makaranta da na ɗauka daga baya ya yi dariya, ya ce ma'anarta karya doka. Doka ake yi wa, ba mutum ba, ba keke ba. To ni dai mutum ne, kuma an karya ni. Na riƙe kalmar, ina jiran ranar mayar wa mai ita.

Bara aka sallame shi daga aikin. Rannan ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, na hango shi daidai wurin nan na layin dogo, da buhun masara, ba riga mai ƙyalli, yana ɗaga hannu. Na rage gudu. Ya gane ni, ya washe baki.

"Ɗan'uwa! Allah ne ya kawo ka."

Na bari ya cicciɓi buhun har ya kai bakin keke.

Na ce, "Oga, nan ba wurin tsayawa ba ne. So kake in yi kontrabin?"

Na murɗa totur. Ta madubi na ga buhun a cikin taɓo. Fasto ya ce in je in nemi gafara. Ban je ba.