Na kai Yaya Agege ya ga bakin Kawu

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da yayana, a babbar bas mai zuwa Legas. Abin da ya fitar da mu wani gyambo ne a gefen harshensa, wata uku ya ƙi warkewa. Likita ya ce a ɗan yanka a auna, Yaya ya ce sam. A gidanmu kowa ya yarda cewa ciwon daji, da zarar ƙarfe ya taɓa shi, ko allura ce, sai ya fusata ya bazu. Na lallaɓa shi mu je Agege wurin Kawu, ƙanin Innarmu, wanda aka yi wa aikin daji a baki tun ina sakandare.

Ni dai murna nake, ban taɓa wuce Abuja ba. A Lokoja na ci soyayyen kifi da yaji har ina gumi, duk da tsadarsa. Yaya kuwa kunu ya sha da cokali, yana hararata. Daga nan wuyana har ya ƙage don leƙen taga, ban taɓa ganin kore irin wannan ba.

Washegari da hantsi ƙaramar motar haya da suke kira danfo ta sauke mu a Agege. Ƙanshin burodi ta nan, Hausa da Yarbanci a baki ɗaya ta can. Muka sami Kawu a rumfarsa cikin huhunan goro, kuncinsa na hagu ya lotsa, maganarsa ba ta fita sosai, amma sai zuba ciniki yake da wata Bayarbiya yana kyakyata dariya. Yaya ya kasa ɗauke ido.

"Buɗe in gani," in ji Kawu. Ya duba, ya gyaɗa kai. "Ni ma shekara guda na yi ina shafa saiwa. Ƙarfen nan ya ci rabin muƙamuƙina, amma bayansa na aurar da 'ya'ya uku. Abokina da muke cusa taba gari a leɓe tare, shi ya ƙi, bai ga wata damina ba."

Da safe Kawu ya kai mu wani asibiti wajen Ikeja, wurin wata dattijuwar likita, shi ne tafinta. Ta ce farkon aikinta tsofaffin 'yan taba take gani, sai baki ya daina buɗuwa suke zuwa, kaɗan ke tashi. Yanzu har matasa da mata tana gani, wasu ba su san taba ba, kuma masu zuwa da wuri yawanci suna rayuwa. Yaya ya damƙe hannuna, ya buɗe baki aka ɗan yanka don aunawa. Daɗi ya kama ni har na ji ƙwalla.

Mako biyu muka jira, na zaga kasuwar Idumota, na ga teku da idona. Sakamako ya fito: dajin ne, amma ƙarami, bai yi nisa ba. Aka sa ranar aiki, Yaya ya zauna wurin Kawu, na dawo ni kaɗai.

Tafiyar nan ta nuna mini cewa jira ne ke cinye mutanenmu. Ina shiga gida Inna ta tare ni. "Sun sa masa ƙarfe?"

"Sun sa, Inna. Saura babban aikin."

Ta ce, "Ka huta kwana biyu ka koma ka tsaya masa. Ka ce wa likitar na yarda."